Ƙafa huɗu na ja amma mota ta ƙi tsayawa: nazarin wata safiya cikin dusar ƙanƙara

Mu ɗauki direba guda, ma'aikacin asibiti da ke barin gida kafin gari ya waye, a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba wata huɗu ko biyar a shekara. Gidansa yana kan tudu. Daga ƙofarsa zuwa babban titi akwai 'yar hanya mai gangara, wadda motar share dusa ba ta isowa sai ta gama da manyan tituna, wato sai hantsi. Saboda wannan hanyar ce ya rabu da tsohuwar motarsa mai ja da ƙafafun gaba, ya sayi wadda injinta ke juya ƙafa huɗu, irin wadda ake rubuta AWD a bayanta. Tsakanin ƙarƙashin motar da ƙasa kimanin santimita 20 ne. Tayoyin da ta zo da su irin na kowane yanayi ne, masu haruffan M+S a gefe, kuma sun ɗan ci, zurfin zanensu bai wuce milimita 4 ba.

Hunturun farko ya wuce lafiya. Yana ganin maƙwabta suna fama a hawan tudun, shi kuwa ya taka totur ya wuce. A na biyu aka kwana ana zuba dusa da iska mai ƙarfi. Da asuba kaurinta a fili ya kai santimita 30, a bakin hanya kuma, inda iska ta tara ta, ta kai gwiwa. Ya shiga da ɗan gudu don ya ratsa. Motar ta tura dusar da bambarta, ta rage gudu, ta tsaya. Ya ƙara wuta, ƙafafun huɗu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ya sa ribas, ko motsi. Sai da maƙwabcinsa ya fito da shebur suka haƙe ƙarƙashin motar sannan ta fita.

Abu na biyu ya faru bayan 'yan mintuna, kuma shi ne mafi haɗari. Ƙasan gangaren ya samu tattakewa tun jiya, ya daskare cikin dare, sabuwar dusa ta rufe shi. Yana tafiya kamar kilomita 30 a awa, ya taka birki a inda ya saba takawa. Birkin ya riƙa bugun ƙafarsa, alamar na'urar ABS, mai hana ƙafafu kullewa idan an taka birki, tana aiki, amma motar ta ci gaba da sulalewa. Ta wuce alamar tsayawa, ta tsallaka babban titin, ta cusa hanci cikin tarin dusa a ɗaya gefen. Allah ya kiyaye babu mota a kan titin a lokacin.

Hukuncin da ya yanke a ranar shi ne ko dai na'urar raba ƙarfi ta lalace, ko kuma motar ta yi ƙanƙanta, sai ya nemi babba. Makanike ya duba, bai sami komai ba. Motar lafiyarta ƙalau, ta yi daidai abin da aka ƙera ta ta yi. A ganina matsalar direban ita ce ya haɗa abubuwa biyu da ba su da dalili ɗaya, ya kuma ɗora su duka a kan injin.

Me ya sa ta kafe

Taya ba ta riƙe ƙasa sai da nauyi a kanta. Idan kaurin dusa ya fi tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa, bamba da ƙarfen ƙasan motar suna hawa kan dusar suna danne ta. Dusar da aka danne takan yi tauri har ta ɗauki nauyi. Kaɗan-kaɗan nauyin motar yana barin tayoyi yana komawa kan cikinta, har ta zauna daɓas a kan tudun da ita da kanta ta gina. Daga nan ko ƙafa nawa ke juyawa babu amfani, domin babu wadda ke danne da ƙasa. Wanda ya taɓa kafewa cikin rairayi ya san yanayin, sai dai dusa tana da ƙarin sharri guda: taya mai juyawa a wuri ɗaya tana narkar da ita, ruwan ya sake daskarewa, ramin da ke ƙarƙashin kowace taya ya zama kwano mai santsi. Ƙara wutar da direban ya yi shi ya mayar da ƙaramar kafewa ta zama babba.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba game da irin waɗannan motoci. Yawancinsu a tafiyar yau da kullum ƙafafun gaba ne ke ja, sai na'ura ta ji sun fara zamewa sannan wani kulochi da ke tsakiya ya kama, ya aika ƙarfi baya. Tsakanin hagu da dama kuma, a mafi yawansu, babu makulli. Ƙafar da ta fi sauƙin juyawa ita ke zarcewa, sai kwamfutar motar ta danna mata birki don ɗayar ta samu rabo. Wannan dabara ce mai kyau a kan titi mai santsi, amma idan aka daɗe ana murza taya cikin dusa mai zurfi, kulochin tsakiyar yana ɗaukar zafi, wasu motocin ma sukan cire shi na ɗan lokaci don kare shi. Nan take mota ta koma mai ƙafa biyu, a daidai lokacin da ake buƙatar huɗun.

Irin dusar ma tana da nata. Wadda ta zuba cikin tsananin sanyi garin banza ce, mara nauyi, mota na iya ture ta ko da ta ɗan haura bamba. Wadda ta zuba dab da digiri sifili jiƙaƙƙiya ce, tana dunƙulewa. Wadda iska ta tara, ko wadda motar share hanya ta tura bakin titi, ta fi duka tauri. Direbanmu da ta ukun ya gamu. Babu tayar da za ta fitar da shi daga wannan. Maganinta shebur ne kafin a shiga, ko haƙuri har a share.

Abin da ya kamata ya yi da zarar motar ta tsaya ba shi da wuya. Ya ɗage ƙafa daga totur. Ya miƙe sitiyari, domin karkatattun ƙafafun gaba turjiya suke ƙarawa. Ya gwada komawa baya a kan sawunsa a hankali. Idan ta ƙi, ya kashe na'urar hana murza taya, wadda ke rage ƙarfin inji da zarar taya ta zame, sannan ya riƙa lilo da motar gaba da baya da ɗan totur kaɗan, yana bari ƙafafu su tsaya cak kafin ya canza giya. Idan cikinta ya zauna, to haƙa ce kawai, kuma ƙarƙashin motar ake haƙewa, ba gaban tayoyi kaɗai ba. Abu ɗaya da ba na so a manta: duk wanda zai zauna cikin motar da ta kafe da inji a kunne don ya ji ɗumi, ya fara tabbatar da bakin salansa a buɗe yake. Dusa na toshe shi, hayaƙin ya dawo cikin mota, iskar da ke cikinsa kuma ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana zaune.

Me ya sa ta ƙi tsayawa

Nan ne zuciyar lamarin. Kowace mota, mai ja da ƙafa biyu ko huɗu, birkinta a ƙafa huɗu yake. Raba ƙarfin inji zuwa ƙafa huɗu yana taimakawa wajen tashi da hawa, amma idan aka taka birki inji ya fita daga maganar. Abin da ya rage shi ne robar da ke taɓa ƙasa, wuri huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba sosai. Sitiyari ma haka: da riƙon tayoyin gaba mota ke shan kwana.

A busasshiyar kwalta taya mai kyau tana iya riƙe ƙarfin da ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin da ke kanta. A dusar da aka tattake yakan sauka zuwa kashi 20 ko 30. A kan ƙanƙara zalla kashi 10 ne ko ƙasa da haka, kuma ta fi santsi idan sanyi yana dab da sifili, saboda ɗan ruwan da ke samanta. Idan aka yi lissafi da gudun kilomita 50 a awa, motar da za ta tsaya cikin mita 12 a kwalta tana buƙatar mita 33 zuwa 49 a dusa, a ƙanƙara kuwa kusan mita 100. Nisan tsayawa kuma yana ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu.

Gangara ita ce ke ƙara dagula lissafin, kuma ita ce ta cafke direbanmu. A ce hanyarsa tana sauka mita 8 a cikin kowace mita 100. Kashi 8 na riƙon tayoyinsa ya tafi ke nan wajen hana nauyin motar jan ta ƙasa, tun kafin a fara maganar rage gudu. Idan riƙon da yake da shi kashi 15 ne, kashi 7 kaɗai ya rage wa birki, kuma daga kilomita 30 a awa zai yi kimanin mita 50 kafin ya tsaya. Idan tayar da ta dace ta ɗaga riƙon zuwa kashi 25, abin da ya rage kashi 17 ne, nisan ya dawo mita 21. Waɗannan lambobi misali ne na lissafi, amma suna nuna wani abu na gaskiya: a kan gangara, ɗan ƙarin riƙo yana iya rage nisan tsayawa da fiye da rabi.

Abin da ya fi damuna da irin wannan mota shi ne tana ɓoye gargaɗi. Mai mota mai ja da ƙafa biyu, tun daga ƙofar gida taya za ta zame masa, ya san yau akwai santsi, ya shiga taitayinsa. Mai ƙafa huɗu zai tashi sumul, ya hau tudu sumul, bai san halin da titi yake ciki ba sai ya taka birki, lokacin kuma ya riga ya ɗauki gudu. Shi ya sa yana da kyau, a wuri miƙaƙƙe da babu kowa a baya, mutum ya ɗan gwada birki da ƙaramin gudu tun farkon tafiya. ABS kuwa ba ta ƙirƙiro riƙo. Aikinta ta hana ƙafafu kullewa don sitiyari ya ci gaba da aiki, a cikin dusa mai laushi ma takan ɗan tsawaita nisan tsayawa. Idan ta fara bugun ƙafa a ci gaba da dannawa, kada a saki.

Zaɓen tayar

Da direban ya yarda cewa taya ce matsalarsa ta biyu, sai tambaya ta koma wace iri. Ya fara da cewa ai tasa ma akwai M+S. Waɗannan haruffa suna nufin taɓo da dusa, amma siffar zanen taya kawai suke bayyanawa, ba shaidar cin wani gwaji a kan dusa ba ne. Alamar da ke da nauyi ita ce hoton dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Masu ƙera taya a Amurka da Kanada suka fito da ita a 1999, kuma a gwajinsu na farko sai taya ta fi tayar ma'auni jan mota a kan dusa da aƙalla kashi 10 cikin 100 kafin ta samu. Jamus tun daga watan Oktoba na 2024 ba ta karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu. Sai dai a lura, alamar dutsen mafi ƙarancin sharaɗi ce, kuma ba ta cewa komai game da ƙanƙara zalla. Don haka ne takardar bayanin taya ta Tarayyar Turai, wadda aka sabunta a watan Mayu na 2021, ta ƙara wata alama dabam ta riƙon ƙanƙara.

Bambancin tayar hunturu da sauran ya fara daga robar kanta. Roba ta yau da kullum tana ƙara tauri yayin da sanyi ke ƙaruwa, taurin kuma yana hana ta lanƙwasawa ta kama 'yan ƙurajen da ke jikin titi. Ta hunturu an haɗa ta don ta zauna da laushi. Masu ƙera taya sukan ba da digiri 7 a ma'aunin Salsiyos a matsayin lokacin canji. Ba wani layi ba ne da komai ke juyewa a kansa, amma ma'auni ne mai sauƙin riƙewa. Na biyu shi ne ɗaruruwan siraran tsagogi da aka yanka a jikin kowane haƙorin zane. Suna buɗewa idan taya ta danna ƙasa, gefensu ya ciji ƙanƙara, su kuma shanye ɗan ruwan da ke kanta. Na uku, zanen yana da zurfi, yana riƙe dusa a cikinsa da gangan, domin dusa tana kama 'yar'uwarta dusa fiye da yadda roba ke kama ta. Abin ba sabo ba ne: kamfanin Nokian na ƙasar Finlan ya yi tayar hunturu ta farko a 1934 don manyan motoci, ta ƙananan motoci ta biyo baya a 1936.

Zaɓi huɗu ke gabansa. Akwai tayar da ake barinta duk shekara amma tana ɗauke da alamar dutsen. Ta fi tasa ta yanzu, ba ta buƙatar canji, kuma ta wadatar da mazaunin birnin da ake share tituna da wuri. Akwai tayar hunturu irin ta tsakiyar Turai, wadda aka yi don jiƙaƙƙen titi mai sanyi da gudun babbar hanya. Akwai irin ta ƙasashen arewacin Turai, mai laushi sosai, gwana a dusa da ƙanƙara, amma birkinta a jiƙaƙƙiyar kwalta bai kai na waccan ba, kuma tana saurin cinyewa idan gari ya yi ɗumi. Sai mai ƙusoshin ƙarfe, wadda babu kamarta a kan ƙanƙara mai ɗan ruwa. Ita kuma tana da ƙara, tana cin titi tana tayar da ƙura, shi ya sa doka ke taƙaita ta. Jamus ta hana, Japan ta yi dokar da ta kusan kawar da ita a 1990, birnin Oslo kuma yana karɓar kuɗi daga masu amfani da ita.

Ga mai fita da asuba kafin a share hanya ko a watsa gishiri, wanda haɗarinsa yake a ƙasan gangara mai daskarewa, biyun farko sun yi rauni. Tsakanin biyun ƙarshe ya ɗauki irin ta arewa mara ƙusa, saboda mafi yawan tafiyarsa bayan gangaren a kan shararriyar kwalta take. Ina ganin zaɓin ya yi. Da a ce hanyar tasa duka ta ƙauye ce mai ƙanƙara, kuma doka ta yarda, da mai ƙusa zan ce ya saya.

Ya so ya sayi biyu kawai don rage kashe kuɗi, mai taya ya hana shi, kuma da gaskiyarsa. Idan gaba ya fi baya riƙo, bayan mota zai juyo a kwana ko a birki. Idan baya ya fi, mota za ta ƙi bin sitiyari. A mota mai ƙafa huɗu akwai ƙarin dalili: idan kewayen tayoyin bai zo ɗaya ba, gaba da baya ba sa juyawa daidai, na'urar tsakiya ta ɗauka zamewa ake yi, ta yi ta aiki tana ɗaukar zafi har ta lalace. Huɗu ake saya, iri ɗaya, girma ɗaya.

Kan girman ya yi abin da ya dace. Ya sauka da inci ɗaya a girman wili, wato ƙarfen da ake sa taya a kansa, ya ɗauki taya mai ɗan siranta da doguwar kafaɗa, wato gefen robar mai tsayi, ta yadda tsayinta gaba ɗaya bai canza ba. Siririyar taya tana yanka dusa ta isa ƙasa mai tauri maimakon ta yi iyo a sama, doguwar kafaɗa kuma tana jure ramuka. Sharaɗin shi ne wilin ya wuce kan birki ba tare da gogawa ba, kuma lambar nauyin da tayar ke ɗauka kada ta gaza abin da littafin motar ya faɗa. Ya duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 3823, alal misali, mako na 38 ne na 2023. Wannan ya fi muhimmanci ga mai sayen ta hannu, domin roba tana bushewa da shekaru ko da zanen yana nan.

Zurfin zane shi ma sai an sa ido. Milimita 1.6 da dokokin ƙasashe da yawa suka ƙayyade bai isa dusa ba. Suwidin tana neman milimita 3 a lokacin hunturu, Ostiriya 4, kuma a ganina daga 4 ɗin ne ya kamata mutum ya fara shirin canji. Iska ma tana raguwa da sanyi, kusan psi 1 a ma'aunin iskar taya a duk saukar digiri 5 ko 6, saboda haka a auna da safe kafin a tuƙa. Lokacin sakawa kuwa ya danganta da wuri. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, amma mai hankali ba ya jiran ranar doka, yana sakawa da zarar safiya ta fara sauka ƙasa da digiri 7. Idan sanyi ya wuce a cire su, a ajiye a inuwa mai sanyi nesa da rana.

Abin da ya canza da abin da bai canza ba

Da sababbin tayoyin motar tana tsayawa a ƙasan gangaren, amma shi ma ya canza hannu. Yana shiga gangaren da ƙaramar giya, da gudun da bai wuce na mai sassarfa ba, yana fara birki tun daga sama, yana gama rage gudu kafin ya karya sitiyari. A ranar da aka yi ruwan sama mai daskarewa a kan titi, ko tayar arewa ba ta ba shi tabbacin da ya isa ba, sai ya bar motar.

Tarin dusar bakin hanya kuwa yana nan yadda yake. Tayar hunturu ta sa motar tana kutsawa ciki da nisa fiye da dā kafin ta tsaya, wanda ke nufin idan ta kafe haƙar ma ta fi yawa. Don haka ya kafa wa kansa ƙa'ida: idan dusa ta haura ƙasan bamba kuma mai nauyi ce, ba ya shiga sai ya share. Shebur mai gajeren ƙota, igiyar ja, safar hannu da ɗan buhun tsakuwa suna zama a but duk hunturu. Daren da aka yi hasashen zuba mai yawa kuma yana da aikin asuba, yakan ajiye motar a ƙasan tudu kusa da babban titi, inda doka ta yarda a ajiye, ya hau gida da ƙafa.